Yadda Ake Nazarin Dabbobin Gida da Fentin Ruwa: Amsa ga Mai Koyon Zane daga Bauchi

Tambaya: Wata ɗaliba daga Bauchi ta rubuto cewa burinta ta riƙa yi wa littattafan yara zane. Ta fara gwada hannunta da fentin ruwa a kan kyanwarsu, da zomaye biyu, da tantabarun ƙanenta. Ta ji labarin Beatrix Potter, Baturiyar Ingila da ta faro da zana dabbobin da take kiwo, tana son sanin me ta yi daban. Kukanta huɗu ne: dabba ba ta tsayawa, takarda tana kumbura, kala tana dagulewa ta koma kamar ruwan kwata, kuma tun shigowar hunturu fenti yake bushewa kafin ta kai ƙarshen layi.

Amsa: Ƙanwata, sannu da himma, Allah ya yi wa hannu albarka. Batun hukuncin zana abu mai rai na malamai ne, ki kai shi gare su. A nan sana'ar za mu tattauna. Zan fara da matar da kika ambata, domin abin da ta yi shi ne rabin amsarki.

An haifi Beatrix Potter a Landan a 1866. A ɗakin karatunsu na saman bene, ita da ƙanenta Bertram sun tara zomaye, ɓeraye, bushiya, jemage, ƙadangaru da kwaɗi, kuma tun tana 'yar shekara 9 take cika littafin zane. Idan dabba ta mutu sukan dafa gawar har nama ya saki, su jera ƙasusuwan su ga yadda gaɓa ta haɗu da gaɓa. A 1890 ta fara sayar da zanenta aka buga a katin gaisuwa, zomonta mai suna Benjamin Bouncer ne take kallo tana zanawa. Littafin da ya fito da sunanta a duniya, labarin zomo Peter Rabbit, bai shiga kasuwa sosai ba sai 1902, tana da shekara 36. Takardunta masu yawa suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, kuma da dama daga cikinsu ba kammalallun hotuna ba ne: kan zomo ɗaya daga gaba, daga gefe, daga baya, duk a shafi guda.

Abin da nake so ki riƙe daga nan shi ne bambancin hoto da nazari. Hoto don a nuna wa mutane ake yin sa. Nazari kuwa tambaya kike yi wa dabbar: daga ina kunnen nan ya tsiro, ta ina ƙafar baya take lanƙwasawa, wane launi ne a ƙarƙashin haɓa idan rana ta bugi siminti ta dawo sama. Takardar da ta amsa tambaya ɗaya ta gama aikinta, ko da dabbar ba ta da wutsiya. A shekararki ta farko, cikin takarda 10, bari 9 su zama nazari.

Dabba ba za ta tsaya miki ba, ke ce za ki koyi lokutanta. Kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a kwana, kuma mafi nauyinsa bayan ta ci ta lashe jikinta. Zomo da sassafe da magariba yake kai-komo, da tsakar rana kuwa sai ya miƙe a inuwa ya saki ƙafafun baya. Tantabarar da ke kwanci ta fi kowa sauƙi: kimanin kwana 18 ake yi kafin ƙyanƙyasa, namijin yana karɓar kwancin daga hantsi zuwa la'asar, macen ta kwana a kai, kin ga a gurbi ɗaya kina da masu zama biyu. Rago ko akuya, ki jira su kwanta suna tuƙa. Kada ki ɗaure dabba, kada ki sa a danne miki ita, kuma kada a ɗauki zomo ta kunne. Ban da cutar da ake yi mata, dabbar da ke cikin tsoro tana ƙanƙame jiki, ta lafe kunne, ta zaro ido, sai ki tashi da zanen da bai yi kama da wadda kika sani ba.

Ki zauna a ƙasa, idonki daidai da nata, da fensir HB ko 2B da takarda mai arha. Layin farko shi ne gadon baya, daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, a ja ɗaya. A jikinsa ki rataya dunƙule uku: kai, ƙirji, ƙugu. Da ta motsa kada ki goge, ki bar wannan ki soma wani a gefensa. Kafin minti 10 za ki tarar kina da zama uku ko huɗu da aka faro, kuma dabba tana da ɗabi'ar komawa zaman da ta saba. Duk wanda ta koma, ki ci gaba da shi. Ki mai da tsawon kanta mudunki: kai nawa ne daga kafaɗa zuwa ƙugu, kai nawa daga ƙasa zuwa doro, kunnen zomon ya kai tsawon kan ko ya ɗara. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ba ya saninta sai an hore shi da awo. Ki miƙe hannu, ki rufe ido ɗaya, ki auna da fensir da babban yatsa.

Hoton waya yana taimakawa, amma yana yaudara. Idan kika matso da waya kusa, hanci yakan yi girma, ƙugu ya tsuke. Ki ja baya kamar mita 2 ki jawo hoton, ko ki ɗauki bidiyo ki riƙa tsayar da shi don ganin tafiya. Launi kuwa daga jikin dabbar za ki ɗauko shi, domin waya tana gyara haske da kanta.

Yanzu ƙashi, wanda a nan yawancin zane yake karyewa tun kafin a taɓa fenti. Abin da mutane ke ɗauka gwiwa ce ta juya baya a ƙafar kyanwa, diddige ne. A kan yatsu take tafiya, kamar mutumin da ya yi ɗage. Gwiwar gaske tana sama, kusa da ciki, tana kallon gaba, gashi ya lulluɓe ta. Ki shafa ƙafar a hankali lokacin da take kwance, za ki ji ta da yatsanki. Haka abin yake a tantabara da kaza: gaɓar da kike gani a tsakiyar ƙafa idon sawu ne. Zomo idan ya zauna yana shimfiɗa dukan tafin baya a ƙasa, daga diddige har yatsu, shi ya sa ƙugunsa yake tashi kamar tulu; kuma ba shi da tsokar tafi irin ta dagin kyanwa, gashi ne a wurin. Ƙirjin kyanwa siriri ne, ƙafafun gaba suna kusa da juna, kuma idan tana sanɗa allon kafaɗarta yakan ɗago sama da gadon baya, na dama ya hau na hagu ya sauka.

Fuska ma tana da nata tarkon. Hannun mai koyo yana son ya kai ido sama kamar na mutum, ya sa masa fari a gefe. Idon kyanwa a tsakiyar kai yake, farinsa kusan ba ya fitowa, hanci da baki kuma sun taru a ɗan ƙaramin wuri a ƙasa. Kunnenta ba alwatika ba ne da aka ɗora a kan ƙwallo; mazurari ne mai faɗin gindi da ya zagayo gefen kai. Baƙin idonta yana tsukewa a tsaye cikin rana, ya buɗe ya zama da'ira a duhu, saboda haka kada ki zana ta a tsakar gida da rana ki ba ta idon dare. Na akuya da tunkiya a kwance yake. Zomo idanunsa a gefen kai suke: daga gaba tudun kowanne kawai ake gani, cikakken ido sai daga gefe, kuma leɓensa na sama a tsage yake har zuwa hanci. Tantabara tana da wani farin tudu a gindin baki kamar an barbaɗa gari, dogayen gashi 10 a kowane fiffike, na wutsiya yawanci 12, yatsu uku gaba ɗaya baya. Aku kuwa biyu gaba biyu baya. Ki ware shafi ɗaya ki zana dabbar ba launi, ki bi jikinta da ƙananan kibiyoyi masu nuna inda gashi ya kwanta. Wannan taswirar za ta yi miki amfani shekara da shekaru.

Kumburin takarda ba laifin hannunki ba ne, laifin takardar ne. Ta fotokwafi giram 70 ko 80 ce (nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ke nan), ba a yi ta don ruwa ba. Kwalin da ake sayarwa a shagon littattafai kuma fuskarsa santsi ce, fenti yana zamewa a kai ya taru wuri ɗaya. Ki nemi takardar fentin ruwa mai giram 300, mai ɗan kaushi. Ta auduga zalla, irin su Arches, ta fi riƙe damshi, kuma a busasshiyar iskarmu wannan babban abu ne. Masu sauƙin kuɗi na Canson da Fabriano sun isa koyo. Babban falle santimita 56 ne da 76. Ki yanka shi gida 8, kowanne 19 da 28, ki yi aiki gaba da baya. Idan mai giram 190 ko 200 kika samu, sai kin ɗaure ta: ki jiƙa ta minti 5 a ruwa mai tsabta, ki shimfiɗa a kan falankin katako, ki share ruwan gefe, ki manne ɓangarori huɗu da tef ɗin takarda mai ƙaro, rabi a takarda rabi a katako. In babu shi, ki bi gefen da sitefula, tazarar santimita 5. Ki bar ta ta bushe a kwance a inuwa. Rana tana sa gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa ya fizge tef. Dalilin duk wannan shi ne zaren takarda yana buɗewa idan ya sha ruwa, in aka kama shi a buɗe ya bushe a miƙe, ba shi da sauran wurin kumbura. Wadda ta riga ta lanƙwashe kuma, ki ɗan shafa wa bayanta ruwa, ki sa ta tsakanin fararen takardu, ki danne da littattafai ta kwana.

Burushi uku sun isa: mai tsini lamba 10, lamba 6, da lamba 2. A shago ki jiƙa shi ki yarfe. In bakin bai haɗu ya yi tsini ɗaya ba, ki ajiye. Kada ki bar shi a tsaye cikin ruwa, bakin zai karkace har abada. Wurin dama kala, farin farantin tangaran ko murfin langa fari ya fi roba, domin a roba ruwa yana tsinkewa ɗigo-ɗigo ba ki ga ainihin launin ba.

Kala kuma, akwatin 'yan makaranta mai gida 24 shi ne tushen ruwan kwatar da kike kuka da shi: alli ya yi masa yawa, kuma wasu launukan rini ne da rana ke cinyewa. Gara guda 5 masu kyau, ko da na ɗalibai ne irin Cotman na Winsor & Newton. Ki duba lambar da ke jikin kowanne. Shuɗin bula, PB29, wanda asalinsa ɗaya da bular da ake sa wa fararen kaya. Rawayar ƙasa, PY43 ko PY42. Jar ƙasa ƙonanniya, PBr7 ko PR101. Ja mai ruwan hoda, PV19, don kunne da hanci da ƙafar tantabara. Kore mai duhu, PG7, don wuyan tantabara da ido. Ki ƙara da ƙaramin farin fenti mai kauri, PW6, na gashin baki kawai. Da gangan ban sa baƙi ba. Shuɗin bula da jar ƙasa idan suka haɗu da kauri suna ba da baƙi mai rai, in aka tsinka su da ruwa su ba da toka. Ki rinjayar da shuɗi ki samu toka mai sanyi, ki rinjayar da ja ki samu ruwan ƙasa. Kusan duk dabbar gidanku tana cikin waɗannan biyun da rawayar ƙasa. Ki guji PY35, PR108 da PB28, masu sinadarin kadmiyam da kobal, tunda kyanwa ba ta ƙyale ruwan wanke burushi, zomo kuma yana gaigayar takarda. Ke ma kada ki saba gyara bakin burushi da leɓe.

Dagulewar kala dalili uku ne ke kawo ta: haɗa launi fiye da uku a dama ɗaya, komawa da burushi kan wurin da bai bushe ba ana goga, da ruwan wanki mai datti. Ki ajiye mazubi biyu, kowanne ya kai rabin lita, ɗaya na wanki ɗaya na damawa. Idan ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana barin farin gari a gindin buta, zai iya sa fenti ya yi gudaji. Ki yi amfani da ruwan leda ko na sama.

Asirin sana'ar nan duka a ruwa yake, kuma wuri biyu za ki riƙa duba: kaurin abin da ke burushi, da jiƙar takarda. Kaurin ki auna shi da abin da kika sani: ruwan shayi, madara, kunun gyaɗa, zuma. Takarda kuma tana bin mataki huɗu. Da farko tana ƙyalli kamar madubi, duk abin da kika ɗiga zai bazu ba iyaka. Sai ƙyallin ya ragu ya zama sheƙi, a nan fenti yake bazuwa kaɗan ya tsaya da laushin gefe, wannan ne lokacin gashi. Sai sheƙin ya ɗauke amma damshi na nan, lokaci mafi haɗari: in kika taɓa da burushi mai ruwa, ruwan zai ture fentin da ya fara zama ya bar tabo mai baki kamar fure. Sai bushewa. Ki gwada da bayan yatsa, in kin ji sanyi ba ta bushe ba. Ƙa'idar ita ce abin da ke burushi ya fi abin da ke takarda kauri kullum. Ki kuma tuna fentin ruwa yana ƙara haske idan ya bushe, don haka ki dama shi ya ɗan fi yadda kike so duhu, ki gwada a guntun takarda irin wadda kike aiki a kai.

Hunturun Bauchi, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana matse matakan nan huɗu cikin ɗan lokaci ƙanƙani, zafin Maris da Afrilu ma haka. Ki yi aikin ruwa bayan asuba zuwa ƙarfe 9, fanka a kashe, tagar da iska ke shigowa a rufe saboda ƙura tana manne wa jiƙaƙƙen fenti. Ki dama abin da zai ishe ki tun kafin ki taɓa takarda, cokalin shayi 2 don jikin dabba a takarda 19 da 28. Wanda ya tsaya damawa a tsakiyar aiki zai dawo ya tarar gefe ya kafe. Ki ɗauki burushin da ya fi wanda ranki ke so girma. Dabarar da ta fi aiki ita ce ki jiƙa bayan takarda mai giram 300 sosai, ki manna ta a kan gilashi ko faffaɗar roba. Ruwan bayan zai riƙa ciyar da gaban, ki samu mintuna maimakon daƙiƙu. Giliserin na kemis ma yana jinkirta bushewa, ɗigo 2 ko 3 a kofi ɗaya na ruwan damawa. In ya wuce haka fenti zai yi danƙo, shafi na biyu ya ɗago na farko. Sannan ki wanke hannu da sabulu kafin ki fara: basilin da man shafawar da muke sha da su a hunturu, in suka taɓa takarda, fenti ba zai kama wurin ba, sai ki ga sawun yatsa fari a tsakiyar aiki. Ki sa 'yar takarda a ƙarƙashin hannunki. Da damina, musamman Agusta, akasin haka ne: ki ƙara haƙurin jira tsakanin shafi da shafi, ki bar akwatin kala a buɗe ya sha iska don kada ya yi fumfuna.

Bari mu bi aiki ɗaya daga farko. A ce kyanwa ce mai fari da ruwan goro, ta naɗe tana barci a kan tabarma, haske yana shigowa ta ƙofa daga hagu. Ki zana ta da fensir sama-sama, ki jingina katakon ya ɗan karkata, kamar a kan littafi mai kauri. Ki ƙanƙance ido ki raba jikin biyu, inda haske yake da inda inuwa take. Farin gashi takarda ce da kanta, ba a shafa masa komai. Inuwarsa kawai ake yi. Ki dama shuɗin bula da ɗan jar ƙasa a kaurin ruwan shayi, ki shafa ƙarƙashin haɓa, cikin naɗin jiki, da bayan ƙafa, sa'an nan ki wanke burushi, ki matse shi a tsumma, ki bi gefen da ke fuskantar haske ki narkar da shi. Can ƙasa, inda ciki ya kusanci tabarma, ki ɗiga ɗan rawayar ƙasa, domin tabarmar tana mayar da haskenta jikin gashin. Ki bari ya bushe ƙarau.

Sai ruwan goron. Ki jiƙa wurin da ruwa zalla, ki ɗan wuce iyakarsa kaɗan, ki zuba rawayar ƙasa da ɗan jar ƙasa a kaurin madara da lamba 10. Ki zuba ido. Da ƙyalli ya koma sheƙi, ki ɗauki lamba 6 da jar ƙasa a kaurin kunun gyaɗa, burushin ba ya ɗiga, ki ja ratsin jikin yana bin zagayen haƙarƙari kamar awarwaro. Kowane ratsi ja ɗaya, kada ki koma. Za ki ga gefensa ya narke da kansa, kuma wannan narkewar ita ce laushin gashi. Ba a samun ta da zana gashi ɗai-ɗai. Cikin kunne da hanci, PV19 a tsinke ƙwarai da ɗan rawaya. Bayan komai ya bushe, ki sa duhu mafi ƙarfi a wurare kaɗan: layin rufaffen ido, ƙarƙashin hanci, tsakanin yatsu, da siririn wurin da jiki ya haɗu da tabarma. Wannan na ƙarshen kada ki manta shi, in babu shi kyanwar za ta zama kamar tana shawagi.

Gashi ɗai-ɗai shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan. Ki ɗauki fenti mai kauri, ki goge burushin a tsumma har ya kusa bushewa, ki baje bakinsa da yatsa, ki ja a inda jiki ya juya, inda launi biyu suka haɗu, da ƙirji da kumatu. In kika bi dukan jiki da shi za ta koma tsintsiya. Ki nemo hoton zomon daji da Albrecht Dürer na Jamus ya yi a 1502, wanda ke gidan tarihi na Albertina a Biyana, babban birnin Ostiriya, ki buɗa shi sosai a waya. Duk yawan gashin da ke jikinsa, a kan shimfiɗaɗɗen launi aka ɗora shi, kowane sili yana bin kwanciyar wurinsa, gajere a fuska, dogo a ƙugu. A cikin idon kuma ana hango hasken taga.

Idan ido a buɗe yake, ki bar ɗigon farin takarda tun farko, kuma a ido biyun ya kasance ɓangare ɗaya, ɓangaren da haske ke zuwa. Ki shafa rawaya da ɗan kore, tun da damshi ki sa duhu a sama, domin fatar ido tana yi wa ƙwayar inuwa. Ƙasan idon ne yake haske. Sai ya bushe ƙarau ki sa baƙin tsakiya, in ba haka ba zai bazu ya cinye idon. Gashin baki kuma hanya uku: farin fenti da lamba 2 a ja ɗaya daga kumatu zuwa waje, ko kankarewa da bakin reza bayan takarda ta bushe, ko ki ja layin da fiƙaƙƙen kyandir tun kafin fenti. Guda 4 ko 5 a kowane gefe sun isa, kada su zama tsawo ɗaya. Akwai ruwan roba da ake sayarwa don rufe fari. A zafinmu yana kama takarda ya yage ta, in kin sa ki cire shi a ranar, kuma kada ki shafa shi da burushinki mai kyau.

Farin zomo ba ya fitowa a farar takarda sai kin duhunta abin da ke bayansa, ko da ɗan yanki ne a gefen da haske ya buga. Ki zauna inda rana ke bayan kunnensa ki ga yadda yake komawa ja da jijiyoyi a ciki. Wannan kaɗai ya cancanci shafi guda. Baƙar kyanwa ki faro ta da toka mai shuɗi a dukan jiki, ki bar wannan tokar a doro da goshi inda gashi ke sheƙi, ki sa baƙin a sauran. Wuyan tantabara, ki jiƙa wurin, ki ajiye kore a sama, shunayya daga PV19 da shuɗin bula a ƙasa, ki bar su su haɗu da kansu ba tare da kin gauraya ba, in ya bushe ki bi da 'yan gajerun layuka masu duhu. Tunkiyar Uda, mai rabin gaba duhu rabin baya fari, darasi ce mai kyau ta inuwa a launi biyu a jiki ɗaya.

Idan kala ta yi tsada, launukan ƙasa kina iya haɗa su a gida, domin abin da ke riƙe fentin ruwa ƙaro ne, na itacen dakwara, wanda almajirai ke sa wa tawada. Ki jiƙa awo 1 na dakakken ƙaro a awo 2 na ruwan ɗumi ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki sa zuma kamar kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ƙaron don kada ya tsage, da ɗigon man kanumfari saboda fumfuna. Jar ƙasa kuma ki dama ta a bokiti, ki jira minti 1 yashi ya kwanta, ki tsiyaye jan ruwan sama a wani mazubi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki shanya laɓon da ya rage. Ki niƙa shi da ruwan ƙaron a kan gilashi da gindin kwalba har ki daina jin ƙaras-ƙaras, ki zuba a murfin kwalba ya bushe. In kin shafa ya bushe yana fita a yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa.

A gefen kowane nazari ki rubuta kwanan wata, lokaci, da inda haske ya fito, ki ɗiga launukan da kika dama da sunayensu. Kada ki yar da wanda ya lalace, ki rubuta abin da ya lalata shi. Ki ajiye su a kwance cikin jakar roba mai rufewa, farar takarda a tsakanin kowane biyu, nesa da bango da ƙasa saboda gara, kuma ki sani kyankyasai da tururuwa suna bin ƙaro da zuma. Kada ki kai su a manne musu roba da zafi, ba ta ciruwa. Wanda za ki nuna wa mai buga littafi, a ɗauke shi da na'urar sikana a ma'aunin 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ki tura masa kwafin, asalin ya zauna a hannunki.